Direban Ummu Sa'ad da Waƙar Tabarya

Duk wanda ya ga Malam Badamasi da safe a unguwar Al-Shumaisi ta birnin Riyad yana goge farar motar gidan Ummu Sa'ad, ba zai kawo wa ransa cewa mutumin nan ya taɓa ɗaga ƙafa da sunan rawa ba. Gajere ne mai ɗan tumbi, shekararsa arba'in da shida, gemunsa ya fara furfura ta gefen hagu kawai, kamar ɗaya gefen bai samu labari ba. Ba ya gudu a titi, ba ya danna hon sai dole. In limamin ɗan masallacin layinsu ya yi tafiya, shi direbobi da masu gadi suke turawa gaba. Ba wani karatu mai zurfi ya yi ba. Gemu da yawan shiru ne suka ba shi malanta.

Amma a shekarar 2003, a Funtua, sunansa Naira.

A lokacin yana da shekara ashirin da huɗu, yana sa wandon da mutum biyu za su shiga su yi hira, da sarƙar ƙarfe da ke bar masa koren zane a wuya. Amininsa Nafiou, wani dogo ɗan Maraɗi da ya zo koyon gyaran rediyo, shi ne Sefa. Su biyun suka kira kansu Naira da Sefa, suka tafi Kaduna wurin wani mai situdiyo da ke bayan shagon walda, suka kwana huɗu suna jiran mai walda ya tashi cin abinci kafin su ɗauki murya. Da haka suka fito da kaset ɗinsu na farko, waƙoƙin hip-hop goma na rawa, mai suna Tabarya Ta Samu Turmi.

Sunan kaset ɗin shi ne abu mafi ladabi a cikinsa. Amshin babbar waƙar ba laifi, "A daka, a daka, turmi bai gaji ba," amma daga baiti na biyu Naira da Sefa sukan manta da gero gaba ɗaya, su shiga kiran abubuwa da sunayensu na yanka. Gidajen rediyo suka ƙi sa shi. Masu sayar da kaset suka riƙa ɓoye shi a ƙarƙashin na wa'azi. Wannan ne ya sa ya tafi kamar wutar daji, daga Funtua har Damagaram, a tashoshin mota da shagunan aski da bukukuwan da tsofaffi suka riga suka koma gida.

Mahaifin Badamasi, Alhaji Isiyaku tela, a huɗubar Juma'a ya samu labari. Liman ya share minti arba'in yana ragargazar wasu 'yan iska biyu, Alhaji yana ta gyaɗa kai yana cewa Allah ya shirya, iyayensu ne abin tausayi. Sai na kusa da shi ya kasa jurewa, ya raɗa masa bayan sallama: "Alhaji, ai Nairan ɗanka ne."

Alhaji bai daki kowa ba. Ya dawo gida, ya karɓi wandon, ya hau keken ɗinki, ya fitar da rigar matashin kai uku daga cikinsa, har da ragowar ƙyalle. A nan Naira da Sefa suka ƙare. Kaset na biyu bai taɓa fitowa ba. Yarinyar da Badamasi yake nema ta aiko masa da kayansa a cikin leda. Sai da ya yi shekara huɗu yana ɗinkin maɓalli a shagon mahaifinsa, kansa a sunkuye, kafin aka ba shi auren Rabi. A 2009 Nafiou, wanda ya riga shi tsallakawa, ya samo masa aikin lodin kwali a wani sito da ke Birnin Masana'antu na Biyu a kudancin Riyad. Bayan shekara shida bayansa ya fara ciwo, sai ya sauya kafil, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, ya koma tuƙi a gidan Ummu Sa'ad.

Ummu Sa'ad tsohuwa ce mai shekara saba'in da wani abu, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun gina manyan gidaje a arewacin gari amma ta ce ita ba mai raba ta da Shumaisi. An yi mata aiki a gwiwar dama, don haka sau uku a mako Badamasi yakan kai ta asibiti gashi da motsa ƙafa. Ta tsani motsa ƙafar nan. Tun daga ƙofar gida take mita, ta zagi gwiwa, ta zagi likita, ta zagi wanda ya ƙirƙiro matattakala. Badamasi ya ce, "Na'am, Mama," ya ci gaba da tuƙi. Shekara goma ke nan yana tuƙa ta, suna zaune lafiya lau.

Wata Lahadi da hantsi jikarta Jawahir, wadda ake shirin bikinta, ta rako ta. Suna tsaye a danja, Jawahir tana latsa waya a baya, sai wani kiɗa ya tashi: ganga mai nauyi, da wani ɗan fito, da tarin mutum sau biyu. Badamasi ya san tarin nan. Nasa ne. Hayaƙin walda ne ya shaƙe shi a Kaduna, mai situdiyo ya ce a bar shi, ya yi daɗi. Kafin ya gama tuna wannan, muryarsa ta ƙuruciya ta cika motar.

Danja ta ba da hannu, bai motsa ba, sai da na baya suka haɗa masa hon.

"Kowa da waƙar nan yake rawa yanzu a TikTok," in ji Jawahir da Larabci. "Ammu Badamasi, ba yarenku ba ne wannan?"

"Ya yi kama da shi," in ji Badamasi.

"Ƙara sautin," in ji Ummu Sa'ad. Ta saurara, sandarta tana bugun ƙasan mota. "Ya Badamasi, me yake cewa?"

Na'urar sanyaya mota tana aiki, amma gumi ya tsatso masa a ƙeya. A daidai lokacin Naira yana cikin baiti na uku, wanda ko a Funtua sai an rufe tagar shago ake jin sa.

"Waƙar aiki ce, Mama," ya ce. "Mata ne suke dakan gero. Yana ce musu su dage, turmi bai gaji ba."

"To wannan ihun da ɗayan yake yi fa?"

"Yana yabon tabaryar ne. Wai icce mai kyau ne."

Da ya saci kallon tsohuwa ta madubi sai ya ga idonta ya kawo ruwa. Ta ce ta tuna mahaifiyarta a ƙauyensu, tana niƙan alkamar jarish a kan dutse tana waƙa. Ta ce ashe har yanzu akwai samarin da ke girmama wahalar iyaye mata. Ta sa wa mawaƙin albarka, ta sa wa uwar da ta haife shi. Badamasi ya ce amin da muryar da shi kansa bai ji ba.

Daga ranar waƙar ta zama ta gwiwa. Jawahir ta sa mata ita a waya, Ummu Sa'ad ta riƙa ɗaga ƙafa a kan "a daka", ta sauke a kan "a daka" na biyu. Cikin mako uku likitar gashi ta ce ba ta taɓa ganin tsohuwar da ta samu sauƙi da sauri haka ba. Mita ta ƙare a mota. Abin da ya maye gurbinta ya fi ta muni, domin Ummu Sa'ad ta fara haddacewa. Ta ƙware a amshi, ta shiga baiti na farko, ta doshi na biyu. Takan tsaya ta ce, "Ya Badamasi, gyara mini wannan kalmar," ta faɗi kalmar da ya yi shekara ashirin bai furta ba, ta faɗe ta tiryan-tiryan.

"Haka take, Mama. Kin iya."

"Me take nufi?"

"Wani irin ludayi ne."

Ranar da abin ya kai shi bango, yana tura ta a keken marasa lafiya a barandar asibiti, suka ci karo da wani dattijo Bahaushe mai goge-goge. Ummu Sa'ad ta ji sun gaisa da Hausa, ta ga dama ta samu ta nuna iliminta. Ta ɗaga hannu, ta dubi dattijon ido cikin ido, ta rera masa layi biyu daga baiti na biyu. Tsintsiyar gogewa ta suɓuce daga hannun bawan Allah. Ya dubi tsohuwa, ya dubi gemun Badamasi, ya ce, "Malam, kai kake koya mata?" Badamasi ya tura keke da gudun da bai taɓa yi da mota ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya hau jirgin metro ya yi kudu, ya ƙarasa da tasi har masaukin ma'aikata inda Nafiou yake. Nafiou yana nan da tsawonsa, sai dai sanƙo ya cinye kan, yana tuƙa motar ɗaga kaya a sito. Badamasi ya tarar da shi yana cin shinkafa da kaza a faranti.

"Sefa, mun shiga uku. Wani la'ananne ya tono kaset ɗin nan ya sa a intanet."

Nafiou ya ci gaba da tauna, yana kallon bango.

"Ka ji ni kuwa? Na ce wani wanda bai gaji arziki ba..."

"Ka bar zagi, abokina," in ji Nafiou. "Ba ka san ko mutumin kirki ba ne."

Badamasi ya ajiye cokalin da ya ɗauka. "Kai ne."

Shi ne. Ya ce ya tsinci kaset ɗin a ƙasan akwatinsa, kewa ta kama shi, ya kai wa wani ɗan Pakistan mai gyaran waya ya juye masa. Shi dai don mutum biyar ya sa, 'yan ɗakinsu. Ya zaro waya ya nuna masa: 'yan mata a Jidda, samari a Alkahira, wani ɗan Koriya da karensa, kowa yana dakan iska da hannu biyu. Idon Nafiou yana ƙyalli. "Naira, duniya ta san mu! Mu fito mu ce mu ne. Ko hoto ɗaya."

"Ni nake jan salla a layinmu."

"To ai ba a cikin salla za ka faɗa ba."

"'Yata Khairat tana aji shida a Islamiyya. In ka buɗe baki, wallahi sai na gaya wa matarka wanda ya rubuta baiti na bakwai."

Nafiou ya mayar da waya aljihu. Baiti na bakwai da sunan wata Sahadatou aka yi shi, matarsa kuwa Mariamou ce.

Badamasi ya dawo Shumaisi da ɗan kwanciyar hankali, bai san a gida wutar take ba. A kicin ɗin Ummu Sa'ad akwai Delou, mai girki, 'yar Damagaram, mace mai jiki da ta ba hamsin baya. Tun da aka fara waƙar a gidan Badamasi ya lura kullum ya shigo karɓar abinci sai ya tarar da ita ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Ya ɗauka albasa ce. Ranar Asabar ta miƙo masa faranti, ta riƙe gefensa ba ta saki ba.

"Malam, Hajiya ta ce waƙar gero za a sa ranar bikin Jawahir, wajen mata. Ta ce ni zan koya musu yadda ake daka."

"Inna lillahi."

"Ni ko na iya. Da ita aka yi rawar bikin ƙanwata, sai da aka kore mu daga unguwa." Ta dube shi sama da ƙasa. "Malam, yi tari in ji."

"Wane irin tari kuma?"

"Shekara goma ina jin tarin nan bakin ƙofa, ina cewa a ina na san shi. Ga kuma wushiryarka, irin ta hoton bayan kaset. Kai ne Naira." Ta saki farantin, ta dafa bango, dariyar mako shida ta ƙwace mata har da hawaye. Da ta samu numfashi ta ce ita ba za ta tona shi ba, amma ya sani dangin ango daga Makka za su zo, kuma rabinsu jikokin Hausawa ne, Hausarsu ta fi tasa.

Kwana biyu Badamasi yana juya maganar. Ya hango Ummu Sa'ad a tsakiyar zauren biki da makirfo, tana rera baiti na biyu a gaban surukan jikarta. Ya hango iƙamarsa, katin zamansa, a hannun Sa'ad babban ɗanta, da tikitin jirgi na tafiya ba dawowa. Ya ga dai gara ya faɗa da bakinsa.

Ranar Talata da azahar, bayan an gama gashi, ya shigar da ita mota, ya zauna, bai tayar ba.

"Yalla, me muke jira?"

"Mama, ina da magana. Waƙar nan ba ta gero ba ce."

"Ta mece ce?"

"Ta... abin da ke tsakanin miji da mata ce. Kuma ba a sakaye ba. Ludayin nan ma ba ludayi ba ne. Na yi miki ƙarya, ki yafe mini. Kada a sa ta a biki."

Ya sunkuyar da kai yana jiran sanda. Sai ya ji ta yi tsaki.

"Ya Badamasi, 'ya'ya tara na haifa. Kana tsammani ban san muryar namiji in yana maganar gero ba, da in ba gero yake nufi ba? Ranar farko na yarda da kai, har na yi kuka. Amma da na ga kullum na tambaye ka kalma sai kunnenka ya yi gumi, Delou kuma tana tserewa kicin, ai na gane."

"To Mama, dattijon nan na asibiti fa?"

"Ina so in tabbatar ne. Na kuwa tabbatar." Ta gyara mayafi. "Shekara biyu ba abin da ya ba ni dariya a gidan nan. Kuma gwiwata ta warke. Halas, shi ke nan, tayar da mota."

Da ya tsaya a nan da ya tsira. Amma gaskiya in ta fara zuba ba ta san iyaka ba.

"Saura ɗaya, Mama. Mai waƙar... ni ne."

Ummu Sa'ad ta matso, ta leƙo ta tsakanin kujeru, ta ƙare wa gemun kallo, da tumbin, da carbin da ke rataye a madubi.

"Kai?"

"Ina yaro, Mama."

"Kai ne mai tarin?"

"Ni ne."

Dariyar da ta yi sai da mai gadin wurin ajiye motoci ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi ya tambaya ko a kira likita. Tana share hawaye tana cewa ita da ta sa wa uwarsa albarka. Sannan ta ce albarkar tana nan, ba ta janye ba, uwar ba ta yi laifin komai ba. A hanya ta yanke hukunci: Sa'ad ba zai ji ba, Jawahir ma haka. Amma kiɗan nan sai an sa shi a biki, don ta riga ta gaya wa ƙawayenta za ta taka da ƙafarta. Tunda shi ya ɓata, shi zai gyara. Ya je ya sake waƙar, ta gero ta gaskiya.

Haka Naira da Sefa suka koma situdiyo bayan shekara ashirin da biyu, situdiyon kuwa ɗakin Nafiou ne, da bargo a jikin ƙofa da waya a cikin kofi. Badamasi ya zauna ya tsara baitoci tsarkaka: shuka, noma, girbi, sussuka, har da addu'ar damina mai albarka. Nafiou ya rera nasa kamar mai karanta takardar asibiti. Suka kai wa Ummu Sa'ad. Ta saurara har ƙarshe, ta gwada ɗaga ƙafa, ƙafa ta ƙi.

"Ba gishiri," ta ce. "Wannan ko akuya ba za ta yi rawa da ita ba. A cire muryar gaba ɗaya, a bar ganga."

Nafiou ya yi fushi na kwana uku, ya ce an raina fasaha. Ɗan Pakistan ya cire murya, aka miƙa wa mai kiɗan biki ganga zalla.

Badamasi bai ga bikin ba, tunda wajen mata ne. Washegari da safe ya shiga kicin karɓar shayi ya tarar da Delou zaune a kan kujera, ƙafafunta a cikin roba da ruwan ɗumi.

"An yi lafiya?" ya tambaya.

"Lahiya lau. Hajiya ta taka, ba sanda. Sai da aka yi guɗa."

"Alhamdu lillahi. Ba murya dai ko?"

"Daga na'ura babu." Delou ta motsa yatsun ƙafa a ruwa. "Amma ana sakin gangar nan, wasu tsofaffi huɗu cikin mutanen Makka suka miƙe. Gwaggon ango ce a gaba. Malam, daga baitin farko har na ƙarshe, ba su tsallake ko ludayi ba. Wai wani alhaji ne ya kawo musu kaset ɗin shekarun baya. Larabawa suna ta tafi, Hajiya tana gaya musu waƙar gero ce."

Badamasi ya nemi kujera ya zauna.

"Sun... sun faɗi wanda ya yi ta?"

"Na tambaye su. Gwaggon ta ce ai yaron ya daɗe da mutuwa. Wai hatsari ya yi a hanyar Legas, shi da ɗan Nijar ɗin, tun shekarar da kaset ya fito. Ta ce ishara ce."

Badamasi ya ɗauki kofin shayinsa, ya hura.

"Allah ya jiƙansa," ya ce. "Akwai sauran burodi?"